Sonatar da Ban Kaɗa Ba

Leipzig, 21 ga Oktoba, 1878

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Ottilie,

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya lau. Yaya ƙarfin jiki? Yaya jaririyarmu Friederike, tana barin ki ki runtsa kuwa? Ki miƙa gaisuwata ga Mama, mahaifiyarki, ki ce mata na gode da ɗawainiyar da take yi da ku. Ni lafiyata ƙalau. Gidan dai ya yi mini faɗi tun da kuka tafi Naumburg, kuma har yau ban gano inda kike ajiye gishiri ba.

Kwana uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ranar Juma'a takardar Baba ta iso. Ba rubutunsa ba ne, Gwaggo Ulrike ce ta rubuta masa, don hazon da ke idonsa ya ƙaru. Ya ce zai shigo Leipzig ranar tara ga Nuwamba ya ga likitan ido, zai yi mako guda a wurina. A ƙarshen takardar ya sa ta ƙara layi biyu: "Ka faɗa wa wanda ya kaɗa maka fiyano a wancan karon ya shirya. Ina so in ji sonatata da kunnena, ko sau ɗaya ne."

Ottilie, babu wani wancan karo. Ban taɓa kaɗa sonatar Baba ba, ko a gaban mutane, ko ni kaɗai a ɗaki.

Na san kin tuna labarin da na ba ki tun muna neman aure, na taron kiɗa a gidan wata attajira, da tafin da aka yi, da matar da ta yi kuka a kashi na biyu har ta jiƙa hankicinta. Kin ce mutumin da ya girmama mahaifinsa haka zai iya riƙon mace. Babu attajirar, babu taron, babu mai kukan. Ni na ƙirƙiro su duka.

Kin san Baba. Shekara arba'in yana kaɗa ogan a cocin Elsterhain, yana koya wa yara waƙa a makaranta, bai taɓa rubuta kiɗan da ya wuce na biki ko na jana'iza ba. Sai wannan sonata guda ɗaya, wato dogon kiɗa na goge da fiyano, kashi uku. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana rubuta ta, tun daga ranar da na bar gida na zo koyon goge a birni. Da ya gama ya kwafe ta da hannunsa, ya ɗinke takardun da zare, ya aiko mini, yau shekara biyu da rabi.

Ranar da ta iso ina hanyar zuwa gwaji, sai na cusa ta a aljihun kwat. Bayan an tashi muka shiga gidan shan kofi da abokan aiki. Kasimir Lindau, wanda muke zama gefen juna a ƙungiyar makaɗa, ya hango takardun sun leƙo, ya zare su. Ya buɗe shafin farko ya fara rera shi ta hanci, kamar tsohuwar da ke bin waƙa a coci. Kowa ya fashe da dariya.

"Wannan ai warin kabeji da bencin coci yake yi," in ji shi. "Wane ne E. Rothe? Sunanku ɗaya, danginka ne?"

A saman shafin Baba ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: Ga ɗana Anselm. Na miƙa hannu kamar zan karɓi takardun, na ɗora babban yatsana a kan rubutun. Na ce, "Wani tsoho ne a ƙauyenmu. Rabin mutanen garin Rothe ne sunansu." Na taya su dariyar, Ottilie. Tawa ma ta fi ta wasu ƙara.

Shekarata ɗaya ke nan a ƙungiyar a lokacin. Suna yi mini ba'a da maganata ta ƙauye, da takalmina, da yadda nake riƙe cokali. Ina faɗa miki ne don ki san yadda abin ya faru, ba don in wanke kaina ba.

Da na koma gida na sa takardun a ƙasan akwatin kayan sanyi. Baba ya rubuto sau biyu yana tambaya ko sun iso. A karo na uku na zauna na shirya masa ƙaryar nan. Ya amsa da gajeriyar takarda ya ce ya gode, bai sake tayar da zancen ba. Amma Gwaggo ta baza labarin a gari, har fasto ya yi masa murna a gaban jama'a ranar Lahadi.

Saura kwana goma sha tara. Ban san yadda zan yi ba. Ki ba ni shawara, in har za ki iya rubuto mini bayan kin karanta wannan.

Ki sumbatar mini Friederike a goshi.

Mijinki mai jin kunyarki,
Anselm

Leipzig, 2 ga Nuwamba, 1878

Ottilie tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yarinya da ta Mama. Na ji daɗi da kika ce nonon yana isar ta, kuma ta fara bin haske da ido. Allah ya raya mana ita.

Takardarki ta same ni. Layi biyar ne, na ƙirga. Na lura ba ki kira ni da sunan da kika saba kira na ba, kuma ban ga laifinki ba. Kin ce in rubuta wa Baba gaskiya kafin ya hau jirgin ƙasa. Shawarar ita ce daidai, amma ban bi ta ba. Sau huɗu na fara takardar. Duk lokacin da na tuna Gwaggo ce za ta karanta masa da ƙarfi, yana zaune yana saurare, sai hannuna ya ƙi.

Abin da na yi shi ne na tono takardun daga akwatin, na je neman mai kaɗa fiyano. Kin tuna Fräulein Seidlitz, mai koyar da 'yan mata a bene na uku, a bayan kasuwa? Wadda ta taɓa ce wa jagoran ƙungiyarmu hannunsa kamar na mai korar ƙuda? Ita na samu. Ta duba takardun ta saman tabarau, ta shinshina su, ta ce, "Waɗannan sun daɗe a cikin kayan ulu. Fito da gogenka."

Kashi na farko tsohon yayi ne, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wuraren da sai ki rantse a coci kike. Amma ginin yana da ƙarfi, babu abin da aka sa don ado kawai. Da muka shiga kashi na biyu, mai tafiya a hankali, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba a duk kiɗan da na yi a rayuwata. Hannuna ne ya saki. Babu inda na ji ciwo.

Kin san ƙaramin yatsana na hagu, wanda ya karye da na faɗo daga bishiyar tuffa ina ɗan shekara tara, ya warke a karkace. Shekara ashirin ina ɓoye shi. Duk kiɗan da aka ba ni sai na zauna da fensir na sake tsara yadda zan danne tsirkiya, don kada yatsan ya tona mini asiri. A nan ban taɓa fensir ba.

Fräulein Seidlitz ta tsaya a tsakiyar shafi, ta juyo a kan kujerarta. Ta ce, "Nuna mini hannunka." Na nuna mata. Ta ce, "Shafi tara muka yi, babu wuri ɗaya da aka nemi wannan yatsan ya miƙe. Duk inda ya kamata ya wahala, an kewaye masa, kuma an kewaye da kyau, har kewayen ya zama shi ne daɗin waƙar. Wanda ya rubuta wannan ya san hannunka fiye da kai. Wane ne?"

Na ce mahaifina ne. Karo na farko ke nan da na faɗi haka a Leipzig game da takardun nan. Na ajiye goge na je na tsaya a bakin taga, na daɗe ina kallon rufin gidaje. Ita kuwa ta ci gaba da taɓa fiyanonta a hankali har na dawo.

A kashi na uku, mai sauri kamar rawar bikin girbi, muka ci karo da matsala. Muna cikin tafiya tare sai muka rabu, ni ina gaba, ita tana baya. Muka sake, haka. Sau uku. Sai muka jera takarduna da nata muka ƙirga, muka ga ashe an tsallake gaɓa ɗaya a nawa, bugu uku cur, daidai inda ake juya shafi. Ta ɗauki fensir ta cike mini gurbin da abin da ta ga ya dace, muka wuce.

Yanzu ga abin da ya fi muni. Da zan tafi na ba ta labarin duka, na roƙe ta, in Baba ya tambaya, ta ce ita ce ta kaɗa mini shekara biyu da suka wuce. Ta dube ni har na rasa inda zan sa idona.

"Herr Rothe," in ji ta, "fiyano nake kaɗawa. In kana neman mai yi maka shaidar zur, akwai su da yawa a bakin kotu. Ba zan tona ka ba in ba a tambaye ni ba. In an tambaye ni kuwa, kai zan kalla."

Kullum da yamma muna gwaji. Na iya ta yanzu, har ba na duba takarda a kashi na biyu. Ina ta gaya wa kaina in Baba ya ji ta da kyau, ƙaryar ta zama gaskiya, ta makara ne kawai. Na san abin da za ki ce.

Ki kula da kanki, sanyi ya fara shigowa.

Naki,
Anselm

Leipzig, 13 ga Nuwamba, 1878

Matata Ottilie,

Ina fata kuna lafiya, ke da Friederike da Mama. Baba ya iso lafiya ranar Asabar, yana gaishe ku. Ya kawo zuma da burodin Gwaggo da ƙyafaffen nama, da 'yar safa ja da Gwaggo ta saƙa wa yarinya. Zan aiko miki da ita.

Ya tsufa, Ottilie. A tasha na tsaya a gabansa bai gane ni ba sai da na yi magana. Ya ɗaga hannu ya shafa fuskata, ya ce na rame, wa ke yi mini girki? Likita ya duba shi ranar Litinin da safe. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama ya ce za a iya yi masa aiki idan sanyi ya wuce, amma bai yi alkawarin komai ba. Baba ya ce to, ya nemi hularsa, ya tambaye ni ƙarfe nawa za a yi kiɗan.

Da yammacin ranar muka hau benen Fräulein Seidlitz. Ta ba shi kujera kusa da murhu. Ya zauna da hularsa a kan gwiwa, ya ce mu fara. Na kaɗa kamar yadda ban taɓa kaɗa wa kowa ba. A kashi na farko yatsansa yana bin bugun a kan hular. A na biyu yatsan ya tsaya, ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Na ce a raina na tsira.

Muna tsakiyar kashi na uku, daidai wurin juya shafi, ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Wa ya cike wannan gurbin?"

"Ni ce, Herr Kantor," in ji Fräulein Seidlitz, ta kira shi da laƙabin shugaban kiɗan coci.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Ba haka na rubuta ba, amma kin yi ƙoƙari. Yaushe kika cike shi?"

Ta juyo ta kalle ni, kamar yadda ta ce za ta yi.

Na ce, "Kwana goma sha biyu ke nan, Baba." Sai bakina ya buɗe. Na ce babu attajira, babu taro, takardun a akwati suka kwana shekara biyu da rabi.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na sani."

Ya ce wata guda bayan ya aiko mini takardun, ya koma kan nasa na asali, ya gane ya tsallake gaɓa ɗaya wajen kwafe nawa. Ya ɗauki alƙalami zai sanar da ni, sai ya fasa, ya ce bari yaron ya gano da kansa ya rubuto ya tsokane ni. Ya yi ta jira. Sai ga takardata tana cewa an kaɗa ta daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe ko ɗaya.

"Duk masu kiɗa biyu da suka iso wurin nan dole su rabu," in ji shi. "Da na ji babu tuntuɓe, na san ba a iso wurin ba."

Na ce, "To, Baba, don me kuka ce in kira wanda ya kaɗa mini a wancan karon?"

"Don na san ɗana. Da na ce ka kaɗa mini ita, sai ka ce aiki ya yi yawa. Amma in ƙaryarka ce za ta tonu, za ka nemo mai fiyano ko a ƙarƙashin ƙasa yake."

Fräulein Seidlitz ta yi wani tari da na san dariya ce. Shi bai yi dariya ba. Ya juya hularsa a hannu, ya ce kada in ɗauka ni kaɗai ne mai abin kunya. Gwaggo ce ta karanta masa takardata, kafin ya buɗe baki ta riga ta fita ta shaida wa maƙwabta. Da fasto ya yi masa murna, ya miƙe ya rusuna. Mahauci ya cire masa hula a hanya, shi ma ya cire tasa.

"Shekara biyu ina cewa na gode, alhali na san babu abin godiya. Kuma ya yi mini daɗi, Anselm. Wannan shi ya fi ci mini rai."

Da na tsaya a nan, da mun sauko daga benen muna riƙe da juna. Amma na ga kamar tunda an fara, gara a gama. Na ba shi labarin gidan shan kofi. Na faɗa masa yadda Lindau ya rera ta ta hanci, da yadda na rufe rubutunsa da yatsa, da abin da na ce da aka tambaye ni ko wane ne.

Ya mayar da hularsa kan gwiwa.

"Wani tsoho a ƙauyenmu," ya maimaita a hankali. Sannan ya ce, "Wannan kam ban sani ba."

Ya miƙe ya nemi kwat ɗinsa. Ya yi wa Fräulein Seidlitz godiya, ya ce hannunta na hagu yana da kyau. A kan matakala na miƙa masa hannu, ya ce bango ya ishe shi. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ka samu sauƙi yanzu? Shi ka ɗora wa nauyin."

Jiya da safe, kafin a fara gwaji, na tsaya a gaban Lindau, sauran masu goge suna ji. Na ce masa sonatar nan da ya yi wa ba'a shekara biyu da rabi da suka wuce, mahaifina ne ya rubuta ta, ni ya rubuta wa, kuma na yi ƙarya da na ce ban haɗa komai da shi ba. Yana shafa wa bakan gogensa ƙaro, ya ɗago ya dube ni da mamaki.

"Wace sonata?" in ji shi.

Bai tuna ba, Ottilie. Na tuna masa gidan kofin, da kabejin, da komai. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "In na faɗi haka, ka ba tsohon haƙuri. Ni kowa nake yi wa." Ya juya ya tambayi na bayansa ko yana da fensir. Abin da na musanta mahaifina a kansa ke nan, wasan da mai shi ya manta kafin kofinsa ya huce.

Baba yana nan har Asabar. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, yana zama a bakin taga. Bai ƙara kiran sunana ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Anselm

Elsterhain, 2 ga Disamba, 1878

Abar ƙaunata Ottilie,

Gaisuwa daga gidanmu na Elsterhain. Yaya tarin Friederike, ya lafa? Kin yi daidai da ba ki fito da ita cikin sanyin nan ba. Ki gaida Mama. Baba da Gwaggo suna gaishe ku, ko da yake Gwaggo ba ta yi mini magana tun jiya, ta bakin Baba saƙon nata ya biyo.

Kin tambaye ni yadda muka rabu da shi a Leipzig. Na raka shi tasha har jirgi ya iso. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a matakala ya juyo ya ce, "Lahadin farko ta shirin Kirsimeti, bayan an tashi daga coci, a zauren makaranta. Ka zo da gogenka. Ka kuma zo da bakinka."

Jiya ke nan. An cire tebura an jera benci, mutum kusan hamsin suka zo, da rigunansu na coci. Fasto yana gaba. Ga mahauci, ga mai niƙa, ga matan da suka goya ni. Fasto ya tashi ya ce yau Elsterhain za ta ji abin da manyan Leipzig suka riga suka ji suka yaba. Aka yi tafi. Baba yana zaune a gaban fiyanon makaranta, hannunsa a kan gwiwa, bai ɗago ba.

Na miƙe na ce a gafarce ni, ina da magana. Na ce manyan Leipzig ba su ji komai ba. Na ce takardar da na rubuto ƙarya ce daga farko har ƙarshe, kuma dalilin shi ne na ji kunyar inda na fito da wanda ya haife ni. Ban san muryata za ta iya zama ƙarama haka ba.

Gwaggo ce ta fara magana daga benci na biyu. "To matar nan da ta yi kuka fa?"

"Babu ita, Gwaggo."

"Ni na yi ta sa ta a addu'a!" Ta ɗauki jakarta ta rungume, ta juyar da kai wajen bango.

Wasu samari a baya suka yi dariya. Matar mai niƙa ta dube ni irin kallon da ake yi wa karen da ya shiga ɗakin girki. Sai Baba ya dafa fiyano ya miƙe.

"Ku rage mini nawa kason laifin," in ji shi. "Na san ƙarya ce tun ranar da ta iso. Na karɓi gaisuwarku ban ce komai ba. Duk wanda ya cire mini hula a kan wannan, ya yi haƙuri."

Ya koma ya zauna. Can mahauci ya sosa ƙeya ya ce da ƙarfi, "To ashe mu ne na farko ke nan? Kantor, a fara mana, ƙafata ta yi sanyi."

Baba ya ɗan juyo wajena. "Ka gama?" Na ce na gama. Ya danna mini sauti ɗaya don in daidaita tsirkiya.

Da ka ya kaɗa, tunda ba ya ganin takarda. Fiyanon makaranta kin san shi, akwai wurare biyu da ba sa fitar da sauti. Sau biyu ya yi tuntuɓe, sau ɗaya na yi. Ban san ko mun kaɗa ta da kyau ba, ban iya saurare ba, ina kallon hannunsa ne. Babu wanda ya yi kuka. Sun yi tafi sosai, mahauci ya ce na ƙarshen ya fi daɗi don ana iya taka rawa da shi. Wasu sun gaishe ni da za su fita, wasu sun wuce ni suka je wurin Baba kawai.

A gida ya ce na yi gaggawa a kashi na biyu, kuma tun ina yaro haka nake, ba na iya jira. Ya kira ni da sunana da ya faɗi haka. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban cancanci fiye da shi ba.

Saura ke. Da ƙaryar nan na nemi aurenki, kuma kin ba ni amsa kina ganin wani mutum ne daban. Zan iso Naumburg ranar Alhamis a jirgin tsakar rana. Ba na sa ran ki zo tasha. Zan tako da ƙafa in ƙwanƙwasa ƙofa kamar baƙo, in tsaya har a ce in shigo.

Ɗazu na gaya wa Baba ina rubuta miki. Ya ce in gaishe ki, in kuma gaya miki kada ki yi saurin yafe mini. Ya ce ki bar ni in ɗan jira, shi ma abin da yake yi ke nan.

Allah ya tsare mini ku har mu gana.

Mijinki mai jira,
Anselm Rothe